Darasi na Takwas: Canza Wani Kitse da Wani a Haɗin Sabulu

Yawancin haɗe-haɗen sabulun da ke yawo a hannun jama'a, a takarda ko a waya, daga Amurka da Turai suka samo asali, kuma da yawansu da kitsen alade aka tsara su, domin a can yana da araha kuma ba ya wuyar samu. Mafi yawanmu ba ma taɓa shi. Wani lokacin kuma haɗin na kitsen saniya ne, amma abin da ke gida kitsen ragon layya ne, ko na akuya, ko na kajin gona da mai sayar da kaji ya tara. Tambayar da ɗalibai ke yi ke nan a kowane aji: zan iya zuba wannan a madadin wancan?

Za ki iya, kai ma za ka iya. Sharaɗin shi ne duk wanda ya canza kitse ya koma ya sake lissafin soda. Bayan lissafi kuma sai a san halin sabon kitsen, domin kitse biyu suna iya cin soda kusan daidai amma su ba da sabulu iri biyu.

Abin da ke faruwa a cikin roba

Sabulu yana samuwa ne idan soda, wadda masu sana'a ke kira kostik, ta haɗu da kitse ko mai ta farfasa shi. Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Michel Chevreul ne ya yi bayanin wannan a littafinsa na shekarar 1823 kan kitsen dabbobi. Ya nuna cewa kowane kitse haɗi ne na gilisarin da wasu sinadarai masu maiƙo. Soda tana raba su, ta kama sinadaran su zama sabulu, gilisarin kuwa ya zauna a ciki yana taushe fata.

Abin lura shi ne kowane kitse yana da iyakar sodar da zai iya cinyewa. In an zuba fiye da haka, ragowar ba ta zuwa ko'ina. Tana nan a cikin sandar sabulu da kaifinta, ita ce ke sa a ce sabulu "yana cin hannu", ya bar mai wanki da tsagewar yatsu. In kuma soda ta yi kaɗan ƙwarai, kitse ne zai yi saura, sabulun ya ƙi kamawa, ya yi ta naso, bayan 'yan makonni ya soma wari.

Ga adadin sodar da kilo 1 na kowane kitse ko mai yake cinyewa. Ku kwafe shi a littafinku, domin da shi za mu yi aiki har ƙarshen darasin.

Kitsen saniya: giram 143
Kitsen alade: giram 141
Kitsen kaza: giram 139
Kitsen rago ko tunkiya: giram 138
Kitsen akuya: giram 137
Man shanu: giram 162
Manja: giram 142
Man gyaɗa: giram 137
Man kaɗanya: giram 128
Man alayyadi: giram 176
Man kwakwa: giram 183

Za ku ga wani littafi ya rubuta 140 a gaban kitsen saniya, wani 143. Duka suna kan hanya, domin kitsen dabba yana bin abincinta da shekarunta da wurin da aka yanko shi a jiki. Saniyar da ta yi kiwo a daji da wadda aka turke ana ba ta dusa da ƙuli-ƙuli ba za su yi daidai kwabo da kwabo ba. Saboda wannan ne ba a zuba sodar da lissafi ya bayar gaba ɗaya. A sabulun wanka ana rage kashi 5 cikin 100, don a tabbata kitse ne zai yi ɗan saura, ba soda ba. Wannan ɗan ragowar kitsen shi ne kuma ke hana sabulu busar da fata. A sabulun wanki ana rage kashi 1 ko 2 kawai, don kada ya bar maiƙo a tufafi.

Lissafi da misali

Mu ɗauki kilo 1 na kitsen saniya zalla. Yana cin giram 143. Kashi 5 cikin 100 na 143 ya ɗan haura giram 7, saboda haka za a auna giram 136.

To, a ce kitsen saniya bai samu ba, aka ɗauko kilo 1 na kitsen rago, aka bar soda a giram 136 ɗin nan. Kitsen rago giram 138 ne iyakarsa. Ke nan tazarar da ta rage giram 2 ce kacal, maimakon 7. Sabulun zai yi, amma an cinye kusan dukkan ajiyar da aka yi don kare fata, kuma in sikeli ya ɗan yi kuskure shi ke nan an tsallaka. Daidai shi ne a cire kashi 5 daga 138, a auna giram 131.

Tsakanin saniya da rago da akuya da kaza da alade, tazarar ba ta wuce giram 6 a kilo ba, shi ya sa mutane da yawa ke canzawa ido rufe kuma su sha. Ni ban yarda a koya wa kowa haka ba. Wanda ya saba da canji babu lissafi, ranar da ya haɗu da man shanu zai ƙone wa mutane fata. Ku duba: haɗin da aka tsara da kilo 1 na man shanu zai nemi soda giram 154 bayan ragi. In aka cire man shanun aka zuba kitsen akuya, wanda iyakarsa 137, an bar giram 17 na soda tsagwaronta a cikin sabulu. Wannan ba a wanka da shi, ko a tsumma sai da safar hannu.

Yanzu mu zo ga haɗin da aka fi cin karo da shi, wato kitsen alade giram 700 da man alayyadi giram 300. Ana lissafa kowanne shi kaɗai sannan a tara. A ninka nauyin kitsen da lambarsa, a raba da 1000.

Kitsen alade: 700 sau 141, a raba da 1000, ya ba da 98.7
Man alayyadi: 300 sau 176, a raba da 1000, ya ba da 52.8
Jimla 151.5, bayan ragin kashi 5 ya koma giram 144

In aka sa kitsen saniya giram 700 a gurbin na alade, lissafinsa 100.1 ne. A tara da 52.8, ya zama 152.9, bayan ragi giram 145. In na rago ne, 96.6 da 52.8 sun ba da 149.4, bayan ragi giram 142. Ruwa kuwa ninki biyu na nauyin soda ake zubawa, wato wajen giram 290 a wannan haɗin.

Duk wannan da sikeli ake yi, irin ƙaramin nan na batir da masu yin kek ke amfani da shi. Gwangwani da kofi da cokali ba su da wuri a aikin soda. Gwangwanin kitse narkakke da na daskararre ba nauyinsu ɗaya ba, soda mai ɓarzo-ɓarzo da mai gari su ma haka. Kuma kitsen da aka riga aka narkar aka tace ake aunawa. Ɗanyen kitse daga mahauta yana ɗauke da jijiya da tantani da ruwa, in aka auna shi haka aka lissafa masa soda, za ta yi yawa.

Halin kowane kitse

A nan ne gwaninta take. Sinadaran da ke cikin kitse iri-iri ne. Akwai masu daskarewa, siterik da falmitik, su ke ba sabulu tauri da daɗewa. Akwai masu ruwa-ruwa, oleyik da linoleyik, su ke ba shi laushi a jiki, sai dai linoleyik yana saurin lalacewa in iska da zafi sun daɗe a kansa. Akwai kuma lorik, wanda ke kawo kumfa mai tashi, kuma kitsen jikin dabba kusan ba shi da shi. A man alayyadi da man kwakwa yake. Duk kitsen da kuka canza, kada ku taɓa kason alayyadin in kuna son kumfa. Masu saye da kumfa suke auna sabulu, ko da kuwa ba kumfa ce ke fitar da dauɗa ba.

Kitsen saniya shi ne uban tafiya. Yana ba da sabulu fari, mai tauri, wanda ba ya saurin narkewa a banɗaki. Mafi kyawunsa shi ne wanda ke lulluɓe da ƙoda, busasshe, mai karyewa a hannu. In kun je wurin mahauci ku ce masa, "Malam, a ware mini kitsen ƙoda, ban da na hanji." Na hanji ya fi wari kuma ya fi wuyar tsabtacewa. Na tozo da na ƙarƙashin fata sun fi laushi, suna yi, amma sandarsu ba ta kai ta kitsen ƙoda ƙarfi ba.

Kitsen rago da na akuya sun fi na saniya tauri, domin siterik ya fi yawa a cikinsu. Kowa ya san yadda romon rago ke daskarewa a leɓe kafin a gama cin tuwo, to haka yake yi a cikin robar haɗi. Sabulun kitsen rago zalla yakan yi tauri har ya riƙa tsagewa wajen yanka, kumfansa kaɗan, kuma in ba a wanke kitsen sosai ba ƙarnin nan na rago ba ya barinsa. Na bunsuru ya fi kowanne naci. Shawarata kada su wuce rabin haɗi a sabulun wanka. A cike sauran da mai ruwa-ruwa da alayyadi.

Kitsen kaza kishiyarsu ne. Ko a ɗaki ba ya daskarewa sosai, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa linoleyik ne. Shi kaɗai yana ba da sabulu mai taushi da ke daɗewa bai bar mazubi ba, in bazara ta yi kuma sai ka ga ɗigo-ɗigo masu launin ruwan goro sun fito masa, da wari irin na tsohon mai. Kada ya haura kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na haɗi. A wannan gwargwado kuwa yana da amfani ƙwarai, domin yana sassauta taurin kitsen rago.

Kitsen alade, wanda muke neman madadinsa, yana tsakiya ne: bai kai na saniya tauri ba, bai kai na kaza laushi ba, kuma yana jinkirin kamawa, abin da ke ba mai haɗi lokaci ya zuba kala da turare a natse. Wanda ya maye gurbinsa da kitsen saniya zalla zai sami sabulu mai kyau, amma ya fi na ainihi tauri da saurin kamawa. In ana son a kusanci na ainihin, sai a raba giram 700 ɗin: kitsen saniya giram 500, sai kitsen kaza ko man gyaɗa giram 200. Da man gyaɗa lissafin zai zama 71.5 da 27.4 da 52.8, jimla 151.7, bayan ragi giram 144. Kun ga ya dawo daidai inda haɗin farko yake.

Man shanu ku bar shi a miya. Ban da tsada, yana ɗauke da wani sinadari da ke sa sabulu warin madarar da ta kwana, kuma turare ba ya rufe shi.

Narkarwa da wankewa

Rabin ƙorafin da ake yi wa sabulun kitse daga nan yake fitowa. A yayyanka kitsen ƙanana, ko a kai a niƙa shi a injin nama, a cire duk wani ja da ke jiki. A zuba a tukunya da ruwa daidai rufewa da ɗan gishiri, a sa wuta kaɗan-kaɗan. Gaggawa ce ke ƙona kitse, wanda ya ƙone kuwa launinsa da ƙaurinsa sun zauna ke nan. In ya narke, guntayen suka yanƙwane, a tace da ƙyalle mai tsabta a cikin roba mai faɗi, a bar shi ya kwana a wuri mai sanyi.

Da safe za ku tarar da faifan kitse fari a sama, ruwa mai duhu a ƙasa. Ku ɗaga faifan ku juya shi. A ƙasansa akwai wani laushi-laushi mai launin toka, da ɗigon jini da ya dahu. A kankare shi da wuƙa a zubar. Wannan ne gidan wari. A sake narkarwa da sabon ruwa, a sake kankarewa. Na saniya sau biyu ya isa, na rago da akuya sai an yi uku, har ruwan ƙasa ya fito garau. A ƙarshe a ɗora shi a wuta shi kaɗai na ɗan lokaci har ya daina tartsatsi, alamar ruwan jikinsa ya fita.

Kakiɗen sallah kuwa yana da nasa hukunci. Ba kitsen rago zalla ba ne: akwai man gyaɗan da aka fara suya da shi, akwai gishiri da yaji da ɗanɗano, kuma ya sha wuta. Yana yin sabulun wanki mai kyau in an wanke shi kamar yadda aka faɗa. Tunda ba a san nawa ne kitse nawa ne mai a ciki ba, a lissafa shi da lamba mafi ƙanƙanta, wato 137. Haka ma duk kitsen da mahauci ya haɗa na dabbobi daban-daban a leda ɗaya. Ku sani kuma man da ya sha suya yana saurin kamawa da zarar soda ta taɓa shi, don haka mazubi ya kasance a shirye tun kafin a fara juyawa.

Zafi da kamawar ƙarya

Kitsen saniya da na rago sai zafi ya haura digiri 40 suke narkewa, na rago ma yakan kusanci 50. Haɗin da aka rubuta don kitsen alade yakan ce a bari komai ya huce sosai kafin a haɗa. In kuka bi wannan da kitsen rago, musamman da hunturu, ruwan soda mai sanyi zai daskarar da kitsen nan take. Za ku ga ya yi kauri ku ɗauka ya kama, alhali soda ba ta shige shi ba. A zuba a mazubi, gobe a tarar da ruwa kwance a ƙasa ko aljihun soda a tsakiyar sanda.

Maganinsa a haɗa da ɗumi, kitse da ruwan soda duka wajen digiri 45 zuwa 50. In babu ma'aunin zafi, a taɓa bayan robar: a ji zafi amma a iya barin tafin hannu a kai. Kamawar gaskiya sumul take, mai sheƙi, in aka ɗaga muciya aka ɗiga a sama sai layin ya tsaya ɗan lokaci kafin ya nutse. Ta ƙarya tana zuwa da wuri, dusu-dusu, da gudaji. In kun ga haka ku sa robar a cikin ruwan zafi ku ci gaba da juyawa, za ta saki ta dawo ruwa, sannan ta kama da gaske.

Lokacin yanka ma yana canzawa. Sabulun da kitsen rago ko na saniya ya yi yawa a ciki a yanka shi cikin awa 24, kafin ya gagari wuƙa. Mai kitsen kaza yakan nemi kwana 2 ko 3. Dukkansu a jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, mako 4 zuwa 6, kafin a yi wanka da su ko a kai kasuwa. Farar ƙura da kan fito a saman sanda ba komai ba ce, ana goge ta. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne sabulun da ke marmashewa har ciki, ko mai fararen ƙwayoyi da ke tsatsafar da ruwa. Wannan soda ce ta yi yawa ko ba ta gauraye ba.

Duk sabon canji a fara gwada shi da rabin kilo, a rubuta abin da aka zuba da ranar da aka zuba. Lambobin nan kuma na soda ne kaɗai. Ruwan toka, irin wanda ake sabulun salo da shi, sinadarinsa daban ne, ƙarfinsa yana bin itacen da aka ƙona, kuma sabulunsa taushi yake yi ko da kitsen rago ne.

Kafin a buɗe ledar soda

Soda ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasa ta fantsamo fuska. A yi a tsakar gida inda iska take, da safar hannu ta roba da tabarau da riga mai dogon hannu. A yi amfani da roba mai kauri ko kwanon silba marar tsatsa. Tukunyar dalma da duk wani kwanon alminiyom soda tana cin su. In ta taɓa fata a yi ta kwarara ruwa na minti 15 zuwa 20. In ido ne, a wanke haka nan sannan a tafi asibiti ba tare da jira ba.

Ina roƙonku da babbar murya a kan yara. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha, ba shi da wari in ya huce. A asibitocin Afirka ta Yamma likitoci sun daɗe suna karɓar ƙananan yaran da suka kurɓe shi a gidajen da ake sana'ar sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu su shekara ba sa iya haɗiyar tuwo. Kada a taɓa jiƙa soda a kofi, ko gorar lemo, ko bokitin da ake ɗiban ruwan sha. Kada a jiƙa ta a bar ta ta kwana a inda yaro zai kai hannu. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko tsami, a ruga da shi asibiti a gaya musu abin da ya sha.

Aikin aji

1. Wani haɗi ya ce kitsen alade giram 600, man kwakwa giram 250, man kaɗanya giram 150. Ku lissafa sodarsa da ragin kashi 5 cikin 100. Sannan ku maye gurbin kitsen aladen da na rago giram 400 da na kaza giram 200, ku sake lissafi. Giram nawa ne bambancin, kuma ruwa nawa za a zuba?

2. Wata maƙwabciyarku ta yi sabulu da kitsen akuya a watan Janairu. Ta ce bai yi minti 2 ba ya yi kauri, washegari ta tarar da ruwa a ƙasan mazubi. Me ya faru, me za ku ce ta yi a karo na gaba?

3. Kowane rukuni ya zo aji na gaba da rabin kilo na kitsen da ya narkar ya wanke da kansa, da takardar da ke nuna na wace dabba ce, nauyinsa kafin narkarwa da nauyinsa bayan an tace.